Gina shafin intanet ya zo da sauƙi, amma a filin wa ake ginin?

A ranar 4 ga watan Oktoban 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke ɗif a faɗin duniya na kusan awa shida. A Najeriya da Nijar, abin ya fara ne bayan La'asar, bai daidaita ba sai cikin dare. A daidai wannan lokaci kuma Twitter na rufe a Najeriya, tun bayan dakatarwar da gwamnatin tarayya ta yi masa a ranar 5 ga watan Yunin wannan shekara, ba a kuma buɗe shi ba sai 13 ga Janairun 2022.

Mai sayar da atamfa da ke ɗora hotunan kayansa a status, da mai turaren wuta da ke karɓar oda ta Instagram, da telan da duk abokan cinikinsa ke cikin rukunin WhatsApp guda, duk sun kwana ranar ba ciniki, domin shagon kowannensu yana cikin gidan wani ne, kuma mai gidan ne ke riƙe da mukulli.

Shekaru sun shuɗe, amma har yanzu 'yan kasuwa da makarantu da ƙungiyoyi da dama a ƙasar Hausa ba su da wata kafa a intanet da ta wuce dandalin sada zumunta. A da, uzurin a fili yake: gina shafin intanet sai da ƙwararre, sai da kuɗi masu kauri. Wannan uzuri ya faɗi, domin akwai manhajojin da ke bai wa mutum damar gina shafi da ido da yatsa, ba tare da ya rubuta layi ɗaya na lambobin kwamfuta ba. Ya kamata jama'a su rungumi wannan dama. Sai dai sauƙin da ta zo da shi yana rufe wasu tambayoyi da ya wajaba a yi kafin a aza tubalin farko.

Yadda manhajar take aiki

Duk shafin da mutum ya buɗe a wayarsa, a ƙarƙashinsa akwai rubutu na musamman da burauza ke karantawa. HTML ne ke faɗin ina kanun labari yake, ina hoto, ina sakin layi. CSS kuma shi ke kula da launi da girman haruffa da tsari. A da, sai wanda ya iya waɗannan ne zai gina shafi.

Manhajar gina shafi ta gani da ido tana ɓoye wannan rubutu a bayan labule. Mutum zai zaɓi samfurin da aka riga aka tsara, ya jawo akwatin hoto ya ajiye inda yake so, ya danna wurin rubutu ya rubuta nasa, ya sauya launi, kuma yadda yake ganin shafin a gabansa haka mai ziyara zai gan shi. Manhajar ce ke rubuta lambobin a madadinsa.

Dabarar ta girmi yawancin masu amfani da ita a yau. Burauza ta farko da Tim Berners-Lee ya ƙirƙira a shekarar 1990 a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Geneva, ana karanta shafi da ita, ana kuma gyara shi da ita. A 1996 kamfanin Microsoft ya sayi FrontPage, sannan Dreamweaver ta fito a 1997. Waɗannan duk sai an girka su a kwamfuta. Sauyi na gaske ya zo ne da manhajojin da ke aiki kai tsaye a cikin burauza, irin su Squarespace da Wix da Weebly da Google Sites. WordPress, wadda ta fito a 2003 kuma a yau take ɗauke da sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet na duniya, ta koma tsarin jera tubala a watan Disamban 2018, lokacin da ta saki sabon editanta mai suna Gutenberg. Akwai kuma ƙarin manhajoji irin su Elementor da ke ɗora mata tsarin jawowa da ajiyewa.

Ma'ana, ɗalibin da ya iya tsara katin biki a waya, zai iya tayar da shafi mai sashe huɗu ko biyar a yini ɗaya.

Abin da shafi ke yi wanda status ba ya yi

Status na WhatsApp yana ɓacewa bayan awa 24, kuma masu lambar mutum kaɗai ke ganin sa. Rubutun Facebook yana nutsewa ƙarƙashin sabbin rubuce-rubuce, kuma kamfanin ne ke zaɓar wa zai gani. Shafin intanet kuwa yana nan a adireshi guda, dare da rana, kuma wanda bai taɓa jin sunan mai shi ba zai iya tarar da shi ta hanyar binciken Google.

Ɗan kasuwar da ke Legas ko Accra yana neman mai sayar da riɗi ko zoɓorodo a kasuwar Dawanau, ba shi da lambar kowa, abin da zai fara yi shi ne bincike a wayarsa. Uban da aka yi wa sauyin wurin aiki zuwa Kaduna yana son sanin kuɗin makaranta da ranar komawa. Mai jinya yana son sanin ranakun da likitan ido ke zama. Duk waɗannan bayanai ne da ba sa sauyawa kullum, kuma sun fi dacewa da wuri tsayayye.

Akwai kuma batun amana. A zamanin da damfara ta intanet ta yi yawa, shafin da ke ɗauke da adireshin shago da lambar rajistar hukumar CAC da lambar waya mai aiki yana kwantar wa mai saye hankali fiye da asusun da aka buɗe jiya. Kamfanonin biyan kuɗi irin su Paystack da Flutterwave suna da hanyoyin da ake haɗa su da shafi, ta yadda mai saye zai biya da naira ba tare da aika hoton rasit ba.

Ba ana cewa a bar dandalin sada zumunta ba ne. Can ne jama'a suke, can ne ake tallar. Amma ya kamata ya zama kamar allon talla a bakin titi, wanda ke nuna hanyar zuwa shago na gaske.

Adireshi shi ne takardar fili

Babban kuskuren da ake yi yana faruwa ne tun a ranar farko. Yawancin waɗannan manhajoji suna bayar da tsarin kyauta, amma adireshin da za su bayar yana ɗauke da sunansu ne, sunan mai shafin yana rataye a jikinsa. Wanda ya buga irin wannan adireshi a kan katinsa da ledar kayansa da allon shagonsa, ya ɗaure kansa da kamfanin har abada. Zanen aro kuwa ba ya rufe katara.

Tarihi ya sha nuna haka. GeoCities, wanda miliyoyin mutane suka gina shafukansu na farko a kansa, kamfanin Yahoo ya rufe shi a Amurka a watan Oktoban 2009. A watan Maris na 2024, Google ya kashe shafukan kyauta da ƙananan 'yan kasuwa suka gina ta cikin bayanan kasuwancinsu na Google, waɗanda adireshinsu ke ƙarewa da business.site. Babu wanda ya yi laifi a cikin masu shafukan, kamfani ne ya sauya shawara.

Maganin wannan shi ne mallakar adireshi na kai. A Najeriya, ƙungiyar NiRA ce ke kula da adireshin da ke ƙarewa da .ng, kuma tana da dillalai da ta amince da su, waɗanda ke karɓar naira. Akwai .com.ng na 'yan kasuwa, .org.ng na ƙungiyoyi, .sch.ng na makarantu. Nijar kuma tana da .ne. Mai adireshinsa zai iya barin wannan kamfani ya koma wancan, masu ziyara kuma ba za su ma san an yi ƙaura ba.

Amma a nan ma akwai rami. Sau da yawa wanda aka ɗauka ya gina shafin yakan yi rajistar adireshin da sunansa da imel ɗinsa, ba da mugun nufi ba, don kawai ya fi masa sauri. Ranar da aka saɓa, ko ya bar gari, ko ya manta kalmar sirri, sai mai kasuwanci ya tarar cewa a takarda shafin ba nasa ba ne. Adireshi kuma haya ake biya duk shekara, idan wa'adi ya wuce ba a sabunta ba, wani na iya saye. Don haka dole rajista ta kasance da sunan mai kasuwancin ko ƙungiyar, da imel ɗin da suke iko da shi.

Tambaya ta biyu ita ce: idan aka tashi ƙaura, za a iya kwashe kaya? Manhajojin sun bambanta a nan. Shafin da aka gina da Wix a kan sabar Wix kaɗai yake aiki, ba a ɗauke shi ɗungurungum a kai wani masauki. Squarespace tana bari a fitar da wani ɓangare na rubuce-rubuce. WordPress da mutum ya girka a masaukin da ya zaɓa kuwa, ana iya kwashe ta gaba ɗaya, sai dai ta fi buƙatar kulawa. Kowanne da amfaninsa, abin da ba shi da kyau shi ne a shiga ba a sani ba.

Sai batun dala. Yawancin manyan kamfanonin da kuɗin waje suke caji. Wanda ya shiga tsarin biyan wata-wata a farkon 2023, lokacin da dala ke wajen naira 460 a farashin hukuma, ya ga ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Kuɗin hayar bai sauya ba a takardar kamfanin, amma a aljihunsa ya ninka fiye da sau uku. Hankali ya nuna a lissafa kuɗin shekara guda cur da naira kafin a danna maɓallin biya.

Mai ziyara ne ke biyan kuɗin ado

Sauƙin jawowa da ajiyewa yana sa mutum ya zarme. Bidiyon da ke tashi da kansa, hotuna goma masu zamewa a saman shafi, rubutu mai tsalle, kiɗa a bango. A kan babbar kwamfuta a ofis mai intanet mai ƙarfi, duk wannan yana burgewa. Amma wanda aka gina shafin dominsa yana riƙe da ƙaramar wayar Android ne a Gumel ko Tasawa, sabis yana zuwa yana ɗaukewa, datarsa kuma ƙidayayya ce. Tun bayan da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kan kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, kowane megabait ya ƙara daraja.

Hoto guda da aka ɗauka da waya yakan kai megabait uku ko huɗu. Idan aka ɗora goma a shafi ɗaya ba a rage musu nauyi ba, mai ziyara zai ƙone megabait 30 ko 40 kafin ya ga farashin shadda. Yawanci ba zai jira ba, zai fita. Alhali ana iya rage irin wannan hoto zuwa kilobait 200 ba tare da ido ya ga bambanci a fuskar waya ba, kuma akwai manhajojin kyauta da ke yin haka.

Kusan duk waɗannan manhajoji suna da maɓallin da ke nuna yadda shafi zai fito a waya. Wannan ne ya kamata a fara dubawa, domin Google ma siffar waya yake amfani da ita wajen tantance shafuka. Gwajin da ya fi kowanne shi ne a ɗauki tsohuwar waya, a kashe Wi-Fi, a buɗe shafin da data. Idan lambar waya da adireshin shago da farashi ba su bayyana cikin 'yan daƙiƙoƙi ba, to a koma a rage kaya.

Haruffa masu ƙugiya

Akwai matsalar da ta keɓanci masu rubutu da Hausa. Samfuran da ke cikin waɗannan manhajoji an tsara su ne da Turanci, kuma salon haruffa da yawa masu kyan gani ba su da ɓ da ɗ da ƙ, balle ƴ da ake amfani da ita a Nijar. Sakamakon haka, ko dai harafin ya fito a matsayin ɗan akwati, ko ya fito da wani salo daban a tsakiyar kalma kamar haƙorin Makka.

Abin da mutane ke yi shi ne su jefar da ƙugiyar baki ɗaya. Nan ne ma'ana ke rikicewa. Makarantar da ta rubuta "maraba da baki" tana nufin baƙi. Mahaucin da ke tallar nama marar ƙashi, idan ƙugiyar ta faɗi, ya rubuta abin da ba ya son a karanta. Haka kafa da ƙafa, kasa da ƙasa, bari da ɓari. Mai karatu yakan gane daga mahallin magana, amma manhajar fassara da manhajar da ke karanta wa makafi rubutu ba sa ganewa da sauƙi, yara masu koyon karatu kuma suna ɗaukar kuskuren a matsayin daidai.

Gyaran ba shi da wuya. Kafin a zaɓi salon harafi, a rubuta jimlar da ta ƙunshi dukkan haruffan nan, manya da ƙanana, a ga yadda za su fito. Jerin haruffan Noto na Google kyauta ne kuma yana ɗauke da su. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa. A cikin saitin shafi kuma a zaɓi Hausa a matsayin harshe, don burauza da injin bincike su san da me aka yi rubutun. A cike gurbin bayanin hoto, wanda ke gaya wa marar gani abin da ke cikin hoton.

Yanzu kuma manhajojin sun zo da ƙirƙirarriyar basira da ke rubuta wa mutum bayanin kasuwancinsa. Tana iya taimakawa wajen tsari, amma Hausar da take fitarwa sau da yawa fassarar Turanci ce kalma da kalma. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mai shago ya fi kowace na'ura sanin yadda ake magana da abokan cinikinsa.

Ba a gama ginin shafi

Intanet cike take da kufai. Shafin makarantar da har yanzu ke sanar da jarrabawar shekaru uku da suka wuce, shafin ƙungiyar da shugabanta ya sauka tuntuni amma hotonsa na nan, shafin kamfani mai lambar wayar da ba ta shiga. Irin wannan shafi ya fi rashinsa illa, domin yana gaya wa baƙo cewa babu kowa a gida. Babban alfanun manhajar gani da ido shi ne mai shafin da kansa zai iya sauya farashi cikin minti biyu. Duk wanda ya biya aka gina masa shafi, ya kamata ya dage a koya masa wannan kafin ya biya cikon kuɗin.

Tsaro ma aiki ne na kullum. Masu kutse sun fi samun shiga shafukan WordPress ta ƙarin manhajojin da aka bari ba a sabunta ba, ko waɗanda aka sauko da na sata don gudun biya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kalmar sirri mai ƙarfi, tabbatarwa mataki biyu, da kwafin ajiya a wani wuri daban, su ne mafi ƙarancin abin da ake buƙata. Tun watan Yulin 2018 burauzar Chrome ke yi wa shafin da ba shi da HTTPS alamar rashin tsaro, alhali ana samun shaidar kyauta daga Let's Encrypt.

Duk wanda ya sanya fom a shafinsa yana karɓar sunaye da lambobin waya da hotunan ɗalibai, ya ɗauki amana da doka ta san da ita. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa mai tattara bayanan mutane alhakin bayyana dalilin tattarawa da kuma kiyaye su. Jawo fom a ajiye a shafi aikin daƙiƙa goma ne, amma alhakinsa yana nan muddin bayanan na hannu.

Wa zai yi me

Matasan da ke sana'ar gina shafuka kada su ɗauki waɗannan manhajoji a matsayin kishiya. Aikin da ya rage musu ya fi jera hotuna daraja: ba da shawara kan manhajar da ta dace, rage nauyi, tsaro, haɗa hanyar biyan kuɗi, da koyar da mai shafi. Sai dai sana'ar na buƙatar gaskiya. Riƙe kalmar sirrin abokin ciniki don a tilasta masa dawowa cin amana ne, kuma yana ɓata sunan kowa.

Hukumomi irin su NITDA, da shirin 3MTT na horar da matasa da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, da kwalejojin kimiyya da fasaha na jihohi, ya kamata su sauko da irin wannan horo zuwa harshen da 'yan kasuwa ke ji. Kwas na kwana uku da Hausa, a kan waya, ga ƙungiyoyin 'yan kasuwar Kantin Kwari ko Farm Centre ko babbar kasuwar Maraɗi, zai yi tasiri fiye da taron ƙaddamarwa a otal. Ma'aikatu da ƙananan hukumomi kuma su fara da gyara nasu shafukan, su sanya sashen Hausa da ake sabuntawa.

Ga mai shago ko shugaban makaranta da ke shirin farawa, tambayoyi biyar sun isa. Da sunan wa aka yi rajistar adireshin? Nawa za a biya a shekara, da naira? Idan aka tashi barin kamfanin, me za a iya ɗauka? Shin shafin yana buɗewa da sauri a ƙaramar waya, kuma ɓ da ɗ da ƙ suna fitowa daidai? Wane ne zai riƙa sabunta shi, kuma ya iya? Wanda ya samu gamsasshiyar amsa ga waɗannan, ya buɗe manhajar ya fara, ko da da shafi ɗaya ne mai ɗauke da suna da adireshi da farashi da lambar waya.